Zinariya, azurfa ko tagulla: yadda ƙarfe ke sauya kamannin lambobin tunawa

A gidaje da dama na jahar Tahoua, daga Tama ta gundumar Bouza zuwa Keita da Madaoua, akan tarar da wani ɗan ƙarfe a naɗe cikin tsumma a gindin adaka. Wani lambar yabo ce da kaka ya zo da ita daga aikin sojan Faransa, wani tsohuwar liyari ce da aka huda aka rataya a wuya, wani kuma alamar Tahoua ce da maƙeri ya zuba da azurfa. Wasu sun yi baƙi, wasu sun yi tsanwa, wasu suna nan da haskensu kamar jiya aka ƙera su. Ba ajiya kaɗai ce ta kawo wannan bambanci ba. Irin ƙarfen da aka zaɓa tun farko shi ne ke yanke launin lamba, da nauyinta, da kaifin zanenta, da kuma yadda za ta tsufa. Wanda bai san ƙarfen da ke hannunsa ba yana iya sayar da azurfa a farashin tagulla, ko ya sayi tagulla a farashin azurfa, ko ya goge darajar abinsa da hannunsa.

Mece ce lambar tunawa?

Lambar tunawa faifan ƙarfe ne da ake bugawa ko zubawa don a tuna da wani mutum, ko wata rana, ko wani gari. Ta bambanta da tsabar kuɗi domin ba a cefane da ita. Ta kuma bambanta da lambar girmamawa da hukuma ke maƙala wa mutum a ƙirji, ko da yake masu tarawa sukan haɗa su duka wuri guda. A Turai akan fara lissafin wannan sana'a daga wajen shekarar 1438, lokacin da mai zane Pisanello na Italiya ya zuba lamba mai hoton sarkin Rumawa na Gabas. Akwai kuma abin da ya tsaya a tsakani: kuɗin tunawa, wanda aka rubuta masa daraja amma an buga shi ne don masu ajiya.

Nijar na da irin nata. Akwai kuɗin tunawa masu ɗauke da shekarar 1960, shekarar samun ƴancin kai, da hoton shugaba Diori Hamani a fuska ɗaya da tambarin ƙasa a ɗaya fuskar. Na faran 10, 25, 50 da 100 na zinariya ne, na faran 500 da 1000 kuma na azurfa. An sake fitar da wasu a 1968, cikinsu har da faran 10 na azurfa mai hoton zaki. Bankin BCEAO ma ya buga faran 500 na azurfa a 1972 don cikar kuɗin bai-ɗaya shekara 10. A baya-bayan nan, bayan sauyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomi sun ƙirƙiro lambar ƴancin ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu, abin da ya sake jawo hankalin jama'a ga maganar lambobi.

Maƙeran baƙi da maƙeran fari

Ƙasar Adar ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A rubuce, sunan garin Tama ya zo daidai da kalmar da Hausawa ke kiran dutsen da ake narkawa a fitar da baƙin ƙarfe, wato tama. Maƙeran Adar sun daɗe suna wannan aiki, har mai bincike Nicole Échard ta ɗauki fim a kan narkar tamarsu mai suna Noces de feu a ƙarshen shekarun 1960. Hausawa sun raba sana'ar gida biyu. Maƙeran baƙi su ne na garma, da gatari, da takobi. Maƙeran fari su ne na azurfa, da tagulla, da zinariya, masu yin zobe, da munduwa, da kayan doki. Aikin lamba na gidan fari ne, kuma dalilin a fili yake: baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,500, ga shi da tsatsa, alhali azurfa na narkewa a digiri 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Wutar gawayi da zugazugi na iya kaiwa nan.

Zinariya: launin da ba ya gushewa

Zinariya ba ta tsatsa, ba ta dusashewa. Lambar da aka buga da ita shekara 60 da suka wuce tana nan da launinta. Sai dai zallarta, mai karat 24, tana da laushi ƙwarai, ƙaramin gogayya ma yana bar mata tabo. Shi ya sa ake gauraya ta. Mai karat 22 tana da kashi 91.6 cikin 100 na zinariya, mai karat 21 kashi 87.5, mai karat 18 kuma kashi 75. Abin da aka cika sauran da shi ne ke juya launin: jan ƙarfe na sa ta yi ja-ja, azurfa na sa ta yi fari-fari mai ɗan tsanwa. Kuɗin tunawa na Nijar na 1960 kashi 90 cikin 100 ne zinariya, kuma mafi girmansu, na faran 100, ya kai giram 32.

A ido, zinariya na mayar da haske mai ɗumi, amma inuwar da ke cikin zanenta ba ta zurfi, domin babu baƙin da ke kwanciya a lungunan zane. Saboda haka masu buga lambobi kan goge filin lambar ya zama kamar madubi, su bar hoton da ya taso da ɗan kaushi, don ya fito sosai. Nijar na haƙo zinariya a Samira tun 2004, da Djado da Tchibarakaten tun 2014, amma wannan bai sa ta zama ƙarfen maza a nan ba. Shari'ar Musulunci ta hana namiji ado da zinariya, ta halatta masa zoben azurfa, kuma Abzinawa sun daɗe da fifita azurfa a kayan adonsu.

Azurfa: fari da baƙi a jiki ɗaya

Babu ƙarfen da ya kai azurfa mayar da haske. Wadda aka goge tana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Tana da laushin da ke karɓar siririn zane, ta kuma fi zinariya arha nesa ba kusa ba. Ita ma ana ƙarfafa ta da jan ƙarfe. Lambar 925 da ake gani a jikin kaya na nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce. Akwai kuma 900 da 800. Gwargwadon yawan jan ƙarfen, gwargwadon yadda farin ke raguwa yana komawa ruwan toka.

Azurfa na da abokin gaba guda: farar wuta. Duk inda ta haɗu da ita a iska, ko a gumi, ko a roba, sai ta fara yin ruwan ɗorawa, ta koma ruwan ƙasa, daga bisani ta yi baƙi. Wannan baƙin a sama yake kawai, bai cin jikin ƙarfen kamar yadda tsatsa ke cin garma. Maƙera ma suna amfani da shi. Sukan bar baƙi a cikin layukan da suka sassaƙa, su goge saman, sai zanen ya fito ƙuru-ƙuru.

An fi ganin haka a alamun garuruwan Nijar guda 21 da Faransawa ke kira croix, waɗanda ake jerawa a allo ana sayar wa masu tarawa da baƙi. Ta Agadez ce ta fi suna, amma akwai ta Tahoua, da ta Madaoua, da ta Abalak, da ta Tchintabaraden. Daga baya an ƙara ta 22 don tunawa da Mano Dayak, wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar 1995. Hanyar gargajiya ta yin su ita ce a siffanta alamar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sa'an nan a fasa yumɓun a yi shara da zane da hannu. Kowace alama da nata mazubi, don haka ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Azurfar da maƙeran dā ke narkawa galibi daga kuɗi take fitowa. Babba a ciki ita ce liyari ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai nauyin giram 28 da ɗoriya, wadda kashi 83.3 cikin 100 nata azurfa ne. Akwai abin lura a nan: duk liyarin da aka buga bayan rasuwar sarauniyar na ɗauke da shekarar 1780, kuma har yau ana buga ta a birnin Biyana da wannan shekara. Ganin 1780 a jikinta ba ya nufin ta shekara ɗari biyu. Sai kuma faran 5 na azurfa na Faransa, mai giram 25, wanda ya yi yawo a nan zamanin mulkin mallaka. Kalmar dala da ake lissafin kuɗi da ita a kasuwannin Nijar har yau gado ce daga zamanin waɗannan manyan sulallan azurfa.

Tagulla: ƙarfen da tsufa ke ƙara wa kyau

A bakin jama'a, tagulla ta haɗa abubuwa da yawa. Akwai zallar jan ƙarfe, mai launin ja. Akwai wanda aka gauraya da kuza, irin wadda ake haƙowa a duwatsun Abzin da Jos, mai launin ruwan ƙasa mai ɗan ja. Akwai kuma wanda aka gauraya da tutiya, mai ruwan ɗorawa, wanda sabonsa kan ruɗi ido a ɗauka zinariya ne. Idan tutiyar ta yi yawa launin ya fi haske, idan ta yi kaɗan ya fi ja.

Tagulla ita ce ƙarfen manyan lambobi, domin arharta na ba da damar a yi faifai mai faɗi da kauri, mai hoto da ya taso sosai. Da shekaru takan yi duhu ta koma launin gasasshen gero ko na goro da ya bushe. Masu tarawa na son wannan fatar tsufa, kuma masana'antu da yawa na yin ta da gangan da sinadari kafin lamba ta fita, su goge tudun hoton ya yi haske, kwarinsa ya zauna da duhu. A wannan fanni, da tsohuwar zuma ake magani: lambar tagulla mai fatarta ta asali ta fi wadda aka kankare tsada.

Lambobin da tsofaffin sojoji suka dawo da su sun nuna wannan bambanci sarai. Croix de guerre, da aka ƙirƙiro a 1915, da Croix du combattant, na tagulla ne, shi ya sa suke da duhu a yau. Médaille coloniale, ta 1893, ta azurfa ce, sai ta yi baƙi-baƙi ko ruwan toka.

Tsanwa iri biyu ce. Akwai mai santsi da ta manne da jiki, wadda ba ta da lahani. Akwai kuma mai gari-gari, mai haske, da ke fitowa ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. Wannan ta biyun gishiri da laima ne ke haddasa ta, tana cin ƙarfe har ta huda shi, kuma ba ta tsayawa da kanta muddin lambar na shan damshi.

Fararen ƙarafa masu kama da azurfa

A nan ne aka fi yin asara. Akwai wani gauraye na jan ƙarfe da nikel da tutiya da Faransawa ke kira maillechort. Fari ne, yana ɗaukar guga, amma babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Da shi ake yin alamun garuruwa masu arha da yawa, kuma babu laifi a hakan matuƙar an faɗa wa mai saye. Farinsa na da ɗan ruwan toka ko ɗorawa, ya fi azurfa tauri, don haka zanen hannu a jikinsa bai cika zurfi ba, kuma ba ya yin irin baƙin nan mai taushi na azurfa. Sanholo, wanda ake zuba tukwane da shi a kasuwanni, fari ne mai dusashe, ga rashin nauyi. Da an ɗaga shi an gane.

Mai son koyon launin ƙarafa yana da makaranta a aljihunsa. Dala, da dala biyu, da dala biyar na kuɗin CFA masu ruwan ɗorawa ne, an daɗe ana buga su da gaurayen jan ƙarfe da sanholo. Tsohuwar dala goma jan ƙarfe ce da nikel, tsohuwar dala ashirin kuma zallar nikel. Dala hamsin ta 1992, da dala arba'in da dala ɗari na 2003, ƙarfe biyu ne, fari da ɗorawa, ɗaya a cikin ɗaya. Na baya-bayan nan da yawa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da wani a sama. Hatta kifin nan mai zarto da ke jikin kuɗin, tambarin BCEAO, hoton ma'aunin tagulla ne da mutanen Akan ke auna garin zinariya da shi.

Ruwan zinariya da shafen kariya

Launin da ke sama ba kullum ne ke faɗin abin da ke ciki ba. Lambar zinariya ta gasar Olamfik ba ta kasance zallar zinariya ba tun bayan wasannin 1912. Azurfa ce da aka sha wa ruwan zinariya na giram 6. Ta birnin Paris a 2024 ta kai giram 529, a tsakiyarta kuma akwai guntun baƙin ƙarfe na giram 18 daga hasumiyar Eiffel. Nijar na da lambobin Olamfik biyu: tagullar da Issaka Daboré ya ci a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci a taekwondo a Rio a 2016.

Waɗannan wasanni sun nuna cewa ko manyan masana'antu ba su tsira daga halin ƙarfe ba. Bayan na Rio an mayar da lambobi fiye da 100 saboda tabo da ɓarewar shafe. Bayan na Paris ma ƴan wasa fiye da 200 sun nemi a musanya musu nasu, kuma an ɗora laifin a kan siririn shafen kariya da ake yi wa lamba don hana iska taɓa ta. Darasin ɗaya ne: lambar da kyanta ya dogara ga shafe, kyanta na ƙarewa ranar da shafen ya tsage. Ruwan zinariya kan fara gogewa ne a tudun hoto da bakin lamba, sai farin azurfa ko jan tagulla ya leƙo.

Yanayin Adar da kwarin Majiya

Busasshiyar iskar wannan yanki alheri ce ga ƙarfe a mafi yawan watannin shekara. Matsalar na zuwa ta wasu hanyoyi. Ƙurar hunturu yashi ne mai kaifi; wanda ya goge lamba mai fuskar madubi da busasshen tsumma alhali da ƙura a kai, ya zana mata layukan da ba sa gyaruwa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, na kawo laimar da ke tayar da tsanwar tagulla. Gumin hannu na da gishiri, yana barin shatar yatsa a azurfa da tagulla. Jakar fata da aka shafa wa mai na sa tagulla ta yi wata tsanwa mai danƙo. A yankin da albasa ta zama arziƙi, kamar Madaoua da Galmi, ya kamata a san cewa albasa na ɗauke da sinadarin farar wuta, don haka ɗakin ajiyarta ba wurin ajiye azurfa ba ne. Haka ƙwai, da igiyar roba, da ulu.

Yadda ake gane ƙarfe

Abu na farko shi ne nauyi. Faifan da ya auna giram 25 a azurfa, in aka yi irinsa da zallar zinariya zai kai wajen giram 46, da jan ƙarfe wajen 21, da sanholo kuwa giram 6 da ɗoriya kawai. Ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya ya isa a gwada liyari: in ta gaza giram 28 da nisa ba tare da ta goge ko an huda ta ba, akwai magana.

Na biyu, maganaɗisu. Ba ya kama zinariya, ko azurfa, ko tagulla. In ya kama, akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki. Amma rashin kamawarsa ba shaida ba ce cewa azurfa ce, domin maillechort ma ba ya kamuwa.

Na uku, hatimi. Lambobin da masana'antar Monnaie de Paris ta buga tun daga 1880 na da ɗan tambarin ƙaho mai zubo da albarka a gefensu, tare da sunan ƙarfen a rubuce: BRONZE, ko ARGENT, ko CUIVRE. A kayan Faransa, kan Minerve alamar azurfa ce, kan gaggafa kuma alamar zinariya mai karat 18. Sai dai kowa na iya buga 925 a jikin abu, don haka hatimi kaɗai bai wadatar ba.

Na huɗu, yadda aka yi ta. Lambar da aka buga da inji na da kaifin harufa da fili mai santsi, kuma in azurfa ce tana da amo mai tsawo in an ɗan ƙwanƙwasa ta. Ta zubi gefen zanenta ya fi taushi, wani lokaci da ƙananan ramuka kamar na allura. Zubi a alamar Tahoua asali ne. Zubi a liyari alamar jabu ce. In shakka ta rage, maƙerin fari na gwadawa da dutse da ruwan gwaji, amma gwajin na barin tabo, saboda haka a gefe ake yin sa.

Ajiya da tsafta

Toka, da yashi, da kanwa, da tsamiya, da lemun tsami na fitar da hasken tasa da munduwa, amma a jikin lamba ɓarna suke yi: suna cinye siririn zane, suna kwashe fatar tsufa, suna kankare ruwan zinariya. Abin da ya fi shi ne a riƙe lamba ta gefenta, a wanke ta da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu in ta yi datti, a busar da ita sosai, a naɗe kowace dabam cikin farin ƙyallen auduga, a sa a gwangwani mai murfi nesa da laima. Zaren lambar soja da takardar shaidarta su ma ɓangare ne na darajarta, ba a raba su.

Mai niyyar sayarwa kuma ya san cewa farashi biyu ne: na nauyin ƙarfe, da na tarihi. Maƙeri na biyan na farko ne kawai, kuma abin da ya shiga tukunyar narka ba ya dawowa. Liyarin da aka buga da yawa ba ta cika wuce kuɗin azurfarta ba, amma lambar tagulla mai sunan kaka a takarda, ko kuɗin tunawa na 1960, na iya fin nauyinsu daraja sau da yawa. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kafin a goge, ko a narka, ko a sayar, a fara sanin wane ƙarfe ne.